Yadda ake fara lambu a tsakar gida tun daga bazara

Duk mai zuwa cefane a Garwa, Marwa da Kuseri a arewacin Kamaru, ko Njamena a Chadi, ya san yadda kasuwar kayan miya take komawa da zarar sanyi ya wuce. Tumatirin rani ya fara ƙarewa, na damina bai zo ba, ganye ya yi wuya, wanda aka samu ma yakan yi yaushi tun kafin a iso gida. A lokacin ne mutane da yawa ke cewa bari su shuka nasu. Niyya ce mai kyau, ina kuma son ta ɗore, shi ya sa zan fara da abin da ke kashe ta. Yawancin shawarwarin da ake gani a intanet kan shuka a watan Maris da Afrilu daga ƙasashen sanyi suke fitowa, inda a watannin nan ƙanƙara ke narkewa, komai ya fara toho. Mu kuwa a nan tsakiyar bazara ke nan: zafi yana haura digiri 40 da rana, iska a bushe, rijiyoyi sun ja baya. Wanda ya zuba irin latas, kabeji da karas a Afrilu zai yi asarar iri da ruwa, abin da ya fi ciwo kuma, zai ɗauka shi ne ba shi da hannun shuka. Aikin bazara a wurinmu shi ne shirya wuri da ƙasa, da shuka 'yan abubuwan da suka saba da ranarmu, da renon waɗanda za a dasa idan ruwa ya zauna.

Ku fara da lissafin ruwa

Kafin a sayi iri ko a ɗauki fartanya, a zauna a yi lissafin ruwa, domin shi ne zai faɗi girman lambun. A tsananin zafi, fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 yakan sha lita 8 zuwa 10 a rana. Fangali mai mita 1 da mita 3 ke nan zai ci jarka ɗaya da ɗan ƙari kullum, babu ranar hutu. Idan famfo yana ɗaukewa a unguwarku, ko sayen ruwa kuke yi wajen 'yan garuwa, to fangali ɗaya da buhuna huɗu ko biyar sun isa a shekarar farko. Ƙaramin lambu da ya ƙoshi ya fi babba da ke fama da ƙishi, kuma ana iya faɗaɗawa idan damina ta sauka.

Akwai ruwa mai yawa da ke tafiya a banza a kowane gida. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na gero, ruwan da aka wanke ganye da shi, duk a ajiye bokiti ɗaya a riƙa tarawa. Ruwan wanki mai omo ko mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kuwa kada ya je kusa da ganyen da za a ci, haka ruwan makewayi. Idan rijiyarku mai kanwa ce, za ku ga farin gishiri yana taruwa a saman ƙasa. Sai a riƙa ba da ruwa mai yawa lokaci-lokaci don ya tura gishirin ƙasa, a kuma yawaita takin gargajiya.

Wuri, inuwa da shinge

Ku yi kwana biyu kuna lura da yadda rana ke zagaya gidan. Wurin da ya fi dacewa shi ne wanda ke samun ranar safe har zuwa wajen azahar, sannan katanga ko bishiya ta tare masa ranar yamma. Ku guji gindin katangar siminti da ke kallon yamma, tana tara zafi ta yi ta sakinsa har dare. Ku guji kuma gindin darbejiya da mangwaro, saiwoyinsu za su shanye ruwan da kuka zuba. Idan babu inuwa ko kaɗan, a kafa 'yar rumfa mai tsayin ƙirjin mutum, a ɗora kara ko tsohuwar zana a tsattsaye yadda haske zai riƙa ratsawa.

Shinge kuwa ba abin jinkirtawa ba ne. Akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata guda kafin a idar da sallar la'asar, kaji kuma su tone iri, ƙadangaru su tsinke tsiron da ya fito jiya. Darnin kara ya isa, ko waya idan da hali. Tsohon gidan sauro da ya riga ya yage yana da amfani ƙwarai wajen rufe ƙananan tsirrai, amma don Allah wanda ya yage, kada a cire wa yara nasu saboda lambu.

Ƙasa da taki

A nan ne ya kamata a ɓata lokaci, domin duk abin da zai biyo baya a kan wannan ya dogara. Ku ɗebi ƙasar wurin, ku jiƙa, ku dunƙule a hannu. Idan ta wargaje nan take, jigawa ce, ruwa zai riƙa wucewa bai tsaya ba. Idan ta dunƙule tana manne wa hannu, kuma da rani tana tsagewa, laka ce irin baƙar ƙasar nan ta karal da ake dashen masakwa a kanta a kewayen Marwa da kwarin Logon. Tana riƙe ruwa har ya yi yawa, idan ta bushe kuma fartanya ba ta shigarta. Maganin dukansu ɗaya ne, wato ruɓaɓɓen taki. Mai laka sai ya ƙara da yashin kogi da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa don ƙasar ta saki jiki.

Ruɓaɓɓe na ce, kuma da gangan. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki, idan aka zuba shi a gindin tsiro cikin wannan zafi, ƙona shi zai yi, ga irin ciyayi da tsutsa da yake kawowa. Ga yadda ake haɗa shi. A haƙa rami a inuwa, mita 1 da mita 1, zurfin rabin mita. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganye kamar kaurin tafin hannu, a bi da kashin dabbobi, a bi da ɓawon kayan miya da ragowar ganye daga madafa, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa. A maimaita haka har ramin ya cika, a rufe da tsohon buhu ko tabarma. Bayan kwana uku ko huɗu, idan aka cusa sanda aka zaro za a ji ta da ɗumi, alamar aiki ya kama ke nan. Duk mako biyu a juya shi da shebur, a ƙara ruwa idan ya bushe, amma kada ya yi caɓa-caɓa. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi, ya daina wari, ya riƙa marmashewa a hannu. Wanda ya haɗa a Maris zai same shi daidai saukar damina. Don shukar yanzu kuwa, a nemi tsohon taki daga garke ko turken da ya shekara. Ƙasar juji ma tana da ƙarfi, sai dai a tankaɗe ta, a kuma guje wa jujin da ake zubar da batura da ƙona leda.

Takin zamani ba dole ba ne a ƙaramin lambu. Idan za a sa, irin 20-10-10 da ake samu a shagunanmu, cikin murfin kwalba ɗaya ya ishi tsiro guda, a binne shi nesa da gindi kamar faɗin yatsu huɗu, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan a bi da ruwa.

Fangali ko buhu

A bazara fangali ake yi mai ɗan zurfi, a ɗaga gefunansa, don ruwa ya tsaya inda aka zuba shi. A kafta ƙasar zurfin taƙi ɗaya da rabi, a farfasa hoge, a cire duwatsu, a zuba bokiti ɗaya na taki a kowace mita, a gauraya, a baje da manjagara. Faɗin kada ya wuce mita 1, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. A ba shi ruwa kwana biyu ko uku kafin shuka.

Mai gidan haya ko wanda tsakar gidansa siminti ne, buhu ya ishe shi. Buhun shinkafa da aka wanke, a naɗe bakinsa zuwa rabi, a huda gindinsa wuri biyar ko shida, a cika da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Tsohon bokiti da fasasshen baho ma suna yi. Gwangwanin ƙarfe da baƙar roba ne ba na so a bazara, suna ɗaukar zafi har saiwa ta dahu; idan su kaɗai ke akwai, a naɗe su da buhu a ajiye a inuwa.

Abin da ake shukawa yanzu

Kuɓewa ce kan gaba, tana son zafi muddin akwai ruwa. A jiƙa irin ya kwana, a shuka ƙwaya 2 ko 3 a rami mai zurfin gaɓar yatsa, tazarar santimita 40 zuwa 50. Idan sun yi ganye huɗu a cire raunana a bar ɗaya, ko biyu a buhu. Cikin kwana 50 zuwa 60 za a fara tsinka, kuma a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, domin idan aka bar 'ya'ya suka ƙosa a jiki, uwar takan rage haihuwa.

Alayyafo shi ne mai saurin faranta rai, shi nake ba wa duk mai farawa shawara. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya ƙaramin cokali ɗaya da yashi cikin tafin hannu biyu, a barbaɗa a layi, a rufe da ƙasa sama-sama. Cikin mako uku zuwa huɗu an fara ci. Kada a tuge duka. A yanka sama a bar gindi kamar tsawon yatsa biyu, zai sake tohowa. Lalo kuwa irinsa yana da taurin kai: a ƙulle shi a ƙyalle, a tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi, a fitar a shanya a inuwa, sannan a shuka. Yakuwa da rama a shuka su kai tsaye don ganye. Mai son zoɓo ya sani cewa yakuwa ba ta fure sai rana ta fara gajarta a ƙarshen damina, don haka ba lalacewa ta yi ba idan ta yi ta ganye kawai.

Zogale kuma, a ganina, bai kamata a rasa shi a kowane gida ba. Ana shuka ƙwayarsa zurfin santimita 2, ta fito cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko a kafa reshe mai kauri tsawon mita 1. Idan ya kai ƙugu a datse kansa, don ya yi rassa a ƙasa inda hannu zai kai, maimakon ya miƙe sama ya zama sai da sanda. A jera shi a jikin shinge, ya zama inuwar yamma ga sauran.

Kayan ƙamshi ba sa buƙatar fili. Na'ana'ar da aka sayo don shayi, a zaɓi rassa masu lafiya, a cire ganyen ƙasa, a tsoma a kofin ruwa. Cikin mako guda za su yi saiwa, sai a dasa a baho a ajiye kusa da randa ko inda ake alwala, tana son laima da inuwa. A bar ta a baho, idan ta shiga fangali mamaye shi take yi. Ɗoɗɗoya tana jure rana fiye da ita, a dai riƙa tsinke furen da zarar ya leƙo. Sitronel, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, a roƙi tushe biyu wajen maƙwabta, a datse ganyen a dasa. Gindin albasar da aka yanka ma idan aka binne shi zai ba da lawashi. Farsil da seleri a bari sai sanyi.

Ban ruwa

Da sassafe ne lokacin da ya fi, sai kuma bayan la'asar sakaliya idan ƙasa ta bushe. A zuba a gindi a hankali har ya ratsa. Yayyafi sama-sama yana sa saiwa ta tsaya a sama inda zafi yake. A gwada da yatsa: idan gaɓa biyu suka shiga aka ji danshi, a bari. Sabon iri kuwa ba ya son a kwarara masa ruwa, sai a huda murfin gora da ƙusa a riƙa fesawa.

Abu biyu suna rage shan ruwa sosai. Na farko, da tsiro ya kai tsawon yatsa, a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko buntu, kaurin yatsu uku, a bar ɗan fili a kewayen kara saboda gara. Na biyu, a binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi da ruwa a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa daidai inda saiwoyi suke, rufe bakin kuma yana hana sauro yin ƙwai.

Renon barkono, yalo da tumatir

Waɗannan ba a shuka su kai tsaye, reno ake yi, kuma lissafin lokacinsa yana bin garinku. A Garwa, inda ruwan shekara yake kai kusan milimita 1000, ana fara ganin hadari tun Afrilu, ruwa ya zauna wajen ƙarshen Mayu. A Marwa sai Yuni. A Kuseri da Njamena, inda ruwan bai cika kai milimita 600 ba, sai ƙarshen Yuni ko Yuli. Mutanen Ngaundare da ke kan tudu su nasu daban ne, damina tana riga zuwa, zafin ma da sauƙi. Ku ƙirga baya daga lokacin da ruwa ke zama a wurinku: mako 6 don barkono, attaruhu da yalo, mako 4 don tumatir.

A cika baho mai huji da tankaɗaɗɗiyar ƙasa da taki, a ja layuka da yatsa, a jera iri ba a cunkushe ba, a rufe sama-sama, a ajiye a inuwa mai haske. Mako guda kafin dashe a riƙa fito da su ranar safe, a rage ruwa kaɗan don su yi ƙwari. A yi dashe da yamma, a ɗauko kowane da ƙasar gindinsa, tazarar santimita 50.

Game da tumatir zan faɗi gaskiya: idan zafin rana ya wuce digiri 35, furensa zubewa yake yi, da damina kuma cututtukan ganye suna damunsa. Mai son gwadawa ya nemi irin da aka yi don damina, kamar Mongal, ya kafa masa sanda, ya cire ganyen da ke taɓa ƙasa. Ainihin lokacinsa dai sanyi ne.

Bishiyoyi

Ramin bishiya a bazara ake haƙa shi, dashen kuwa sai ruwa ya zauna. Santimita 60 faɗi, 60 zurfi. A ware ƙasar sama, a gauraya ta da bokiti biyu na taki, a mayar cikin ramin, a bari ruwan farko ya zaunar da ita. A ƙaramin gida, gwanda, gwaba, lemun tsami da rumman sun fi dacewa. Mangwaro yana son mita 8 zuwa 10, kuma nesa da katanga da shadda. Lemun tsami mita 5, gwaba mita 4, gwanda mita 2.

Ku sayi mai aure, wato wanda aka haɗa masa reshen wata bishiya mai kyau, idan mangwaro ne ko lemo: yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa yana iya kai shekara 6 ko fiye, kuma ba lallai ya yi kamar uwarsa ba. Cibiyar binciken noma ta IRAD tana da gonar itatuwa a Kismatari kusa da Garwa, akwai kuma masu reno a bakin Binuwai da Shari. A duba tabon auren da ido kafin a biya. Wajen dashe a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, a bar tabon a sama da ƙasa, duk reshen da ya fito a ƙarƙashinsa a cire. Furen shekarar farko ma a tsinke, don bishiyar ta yi jiki tukuna.

Gwanda ita ce mai saurin biya, cikin wata 9 zuwa 12. A ɗebi 'ya'yan wadda aka sha aka ji daɗinta, a murje yauƙin jikinsu, a shanya a inuwa, a shuka a leda. Idan sun kai taƙi ɗaya a dasa uku a wuri guda. Da sun yi fure za a gane namiji, nasa furannin ƙanana ne a kan dogayen sanduna masu lilo. A sare shi a bar mai fure a manne da jiki, namiji ɗaya ya ishi mata da yawa. A ɗaga mata ƙasa ta zama tudu, domin kwana biyu cikin ruwa kwance sun isa su ruɓar da saiwarta.

Ƙwari

Da safe ake kama fara. Kullum wajen ban ruwa a ɗaga ganye a duba bayansa. Tsutsa a tsince da hannu, ganyen da ya nannaɗe ko ya yi zane-zane a cire a binne. Tsutsar tumatir mai shiga cikin ganye, wadda ta yi mummunar ɓarna a Kano da Kaduna a 2016, ta haka ake rage ta tun tana kaɗan. Don ɗarɓa da farin ƙuda, a daka busassun 'ya'yan darbejiya rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a narka ɗan sabulun wanka a ciki, a fesa da yamma sama da ƙasan ganye, sau ɗaya a mako.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a fesa maganin auduga a kan kayan miya. Yankinmu na auduga ne, maganin yana yawo a kasuwanni ana sayar da shi a kwalabe marasa suna, kuma an yi shi ne don abin da ba a ci. Alayyafon da za a yanka jibi yara su ci ba wurinsa ba ne.

Idan damina ta sauka

Fangali mai zurfi da ya taimaka a Afrilu shi zai zama tafki a Agusta. Da ruwa ya zauna a fasa gefensa, sabuwar shuka kuma a yi ta a kan kunya, a ɗora buhuna a kan bulo, a yaye rumfar. A ƙara kabewa, wake da dankali idan akwai fili. Kada a maimaita kuɓewa ko tumatir a gurbin da suka tashi, musamman idan an tuge an ga ƙulle-ƙulle a saiwa. A sa albasa a wurin.

A bar kuɓewa biyu ko uku mafiya kyau su bushe a jiki, haka kan alayyafo da na yakuwa, a adana irin a kwalba da ɗan toka, a rubuta suna da wata. Irin da aka rubuta F1 a jikin takardarsa ba a ajiye 'ya'yansa, sai a sayi sabo. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba a sake haɗa bahon reno, wannan karon da tumatir, latas, kabeji da albasa irin Gudami ta Marwa ko ta Galmi, wadda renonta ke ɗaukar mako 6 zuwa 7. Karas shi ba a dasa shi, a fangali ake zuba irinsa kai tsaye cikin Nuwamba.